Abin da magajiyar garin Firitawun ta koya mini a kan dashen itace

Shekara tara ke nan ina aiki a sashen gandun daji na wata ƙaramar hukuma a nan Jos, kuma duk damina sai mun yi bikin dashen itatuwa. A kafa rumfa, a jera kujeru, babban baƙo ya durƙusa ya sa tsiro a rami, a ɗauki hoto, a watse. Ni ce mai rubuta rahoto. Adadin da muka ɗauko daga wurin reno shi nake rubutawa, kuma raina bai taɓa ba ni cewa na yi ƙarya ba, tunda an dasa ɗin. Ko guda nawa suka kai watan Maris da rai, wannan ban taɓa rubutawa ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayata.

Da na koma jami'a ƙarin karatu, malaminmu ya ce kowa ya zaɓi shugaban wani birni ya yi nazarin aikinsa. Na ɗauki Yvonne Aki-Sawyerr, magajiyar garin Firitawun, babban birnin Saliyo. Gaskiya don mace ce na zaɓe ta. Na zaci zan rubuta yadda ta sha fama da maza a siyasa, sai karatun ya kai ni wani wuri daban.

Ita akanta ce, wato masaniyar lissafin kuɗi. An haife ta a 1968, ta yi karatu a kwalejin Fourah Bay, ta shafe shekaru tana aikin lissafin kuɗi a Landan. Da annobar Ebola ta ɓarke a 2014 ta dawo gida, har ta zama daraktar tsare-tsare a cibiyar yaƙi da cutar ta ƙasa. Ranar 14 ga Agusta, 2017, bayan ruwan sama mai yawa, gefen wani dutse ya zaftare a yankin Regent da ke bayan garin Firitawun, mutane fiye da 1,000 suka rasu. Wata bakwai bayan haka aka yi zaɓe ta ci, ta kama aiki a watan Mayun 2018. Ba ita ce mace ta farko a kujerar ba, Constance Cummings-John ta riga ta tun 1966.

Firitawun gari ne da ya matse tsakanin duwatsu da teku. Mutane sun yi ta sare itatuwan kan tuddai don gini da gawayi, ruwa in ya sauko ba abin da zai riƙe ƙasa. Duk wanda yake Jos a 2012, ya ga abin da ambaliya ta yi a Rikkos da Gangare, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A farkon 2020 ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan ɗaya. Da na karanta haka sai na ce a raina, ai mu ma mun iya faɗin manyan lambobi. Amma yadda aka tsara biyan kuɗin ne ya tsayar da ni. Mutanen unguwa ake ɗauka su dasa. Kowane tsiro sai an ɗauki hotonsa da waya, an ajiye alamar inda yake a taswira, sannan mai kula da shi ya riƙa komawa yana ba shi ruwa, yana sake ɗaukar hoto. Kuɗinsa kuma ta waya ake tura masa, gwargwadon itatuwan da aka tabbatar suna raye. Hannun akanta ne a fili. Ita a wurinta itacen da ya mutu bashi ne da bai dawo ba.

Ba su cika miliyan ɗin a wa'adin farko ba, sai da aka ƙara lokaci. Wannan ya fi komai burge ni, domin an san ba a cika ba ne saboda ana ƙirgawa. Mu da ba ma ƙirga, kullum cikawa muke yi.

Haka ta yi da harajin gidaje: aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka yi wa gidajen garin sabuwar rajista, har gwamnatin ƙasarsu, wadda ba jam'iyyarsu ɗaya ba, ta dakatar da shirin na wani lokaci. A 2023 ta sake cin zaɓe.

Ina gama rubutun, cikin hunturu, na ɗauki biro da littafi na hau keke napep na bi wuraren da muka yi dashe a daminar da ta wuce. Waɗanda na tarar da rai ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Awaki sun cinye wasu, wasu sun bushe a tsaye, wasu ramin kawai ya rage. Na ji kunya ƙwarai, don sa hannuna ne a kan takardar da ta ce suna nan.

Wuri ɗaya ne ya bambanta, wata makarantar firamare. Mangwaro da gwaiba duk sun kama, kowanne an kewaye shi da ƙaya. Na tarar da tsohon mai gadi yana zuba musu ruwa da wata tsohuwar buta. Na ce, "Baba, wa ya sa ka wannan aiki?" Ya ce, "Ba kowa, 'yata. Tsiro jinjiri ne, sai ya yi rani biyu kafin a yaye shi. Ku kuna zuwa suna ne kawai ku tafi." Ko sisi ba mu taɓa ba shi ba, kuɗin rumfa da kujerun rana ɗaya kuwa sun isa a biya irinsa har ruwa ya sauko.

Na kai wa shugaban sashenmu maganar. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Hajiya, shawarar ta yi, amma a ina za a samo kuɗin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a rage yawan tsiron, a rage bikin." Bikin dai bai ragu ba. Amma ya yarda na ƙara layi ɗaya a rahoto: waɗanda suke raye bayan wata tara. Ya kuma amince a riƙa ba masu gadin makarantu huɗu ɗan alawus na ban ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, bisa sharaɗin su turo mini hoto ta WhatsApp duk ƙarshen wata. Baba ba shi da babbar waya, jikarsa ce take turo nasa. Ranar Alhamis zan koma makarantar da kaina in ƙirga, don a hoton watan jiya na ga kamar gwaiba biyu sun fara yaushi.