Karatun da ake yi littafi a rufe

Tsarin da na bi a jami'a, wanda har yanzu shi nake ba ɗalibai shawarar su bi, a kan abu ɗaya ya tsaya: kaso mafi tsoka na lokacin karatu ya tafi littafi yana rufe. Ka karanta sashe guda, ka kife littafin, ka ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka riƙe, sannan ka buɗe ka duba inda ka tsallake da inda ka jirkita. Duk sauran dabarun da zan kawo hidima suke yi wa wannan.

Dalili kuwa shi ne, maimaita karatu yana yaudarar mai yinsa. Idan ka bi shafi sau uku, a karo na uku ido ya saba da kalmomin, suna wucewa sumul, sai zuciya ta ce maka ai ka iya. Amma gane abu idan an gan shi daban, fito da shi daga ka ba tare da an nuna maka ba daban, jarrabawa kuwa na biyun take nema. A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan a kan ɗaliban jami'a a Amurka. An ba su gajeren rubutu. Wani rukuni ya yi ta maimaita karanta shi a zama huɗu, wani kuma ya karanta a zama ɗaya, sauran zama ukun ya yi su yana rubuta abin da ya tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaici ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda sai labari ya juya: masu maimaici sun tuno kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kuwa kashi 61. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, masu maimaicin ne suka fi amincewa da cewa za su tuna. Wato hanyar da ta fi kwantar wa mutum da hankali ita ce ta fi saurin zubewa.

A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun bi diddigin dabarun karatu goma da ɗalibai suka saba da su. Biyu kaɗai suka sa a sahun gaba: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a kan kwanaki. Ja wa layi launi da sake karantawa, waɗanda kusan kowa ya dogara da su, a sahun ƙarshe suka faɗo.

Aikin daga ɗakin lacca yake farawa. Na riƙa raba shafina yadda Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya tsara tun shekarun 1950: ka ja layi daga sama zuwa ƙasa, ka bar kamar santimita 6 a hagu, sannan ka ja wani a kwance ka bar kamar santimita 5 a ƙasa. Babban filin dama shi ne na rubutun lacca. Kada ka ce sai ka kwashe duk kalmar da ta fito daga bakin malami, hannu ba zai cim ma baki ba, kuma mai tseren rubutu ba ya sauraro. Ka rubuta ma'ana, da misalin da ya bayar, da duk abin da ya maimaita ko ya rage murya ya nanata. Inda ka ɓace, ka sa alamar tambaya ka bar fili, ka ci gaba.

Filin hagu kuwa a ranar ake cika shi, kafin a kwanta, tun laccar tana da ɗumi a kai. Minti 15 zuwa 20 sun isa ga kowace lacca. Kowane gungu na rubutunka ka mayar da shi tambaya, a ƙasan shafin kuma ka taƙaita shi duka a jimla biyu ko uku da kalmominka. Daga nan shafin ya zama takardar jarrabawa: ka rufe dama da hannu ko da wata takarda, ka amsa tambayoyin hagu.

Ingancin tambayar shi ne komai, a nan ne kuma na ga ɗalibai da yawa sun yi sake. Tambaya irin ta "mene ne kaza" hadda kawai take gwadawa, mutum zai iya rera ma'anar abu bai fahimci komai ba. Ɗauki darasin yadda ruwa ke ratsa fatar ƙwayar halitta. Maimakon ka tambayi kanka ma'anarsa, ka rubuta: me zai sami jar ƙwayar jini idan aka saka ta a ruwa zalla, kuma don me? Kafin ka amsa dole ka san cewa ruwa zai kwarara cikin ƙwayar domin cikinta ya fi waje yawan narkakkun sinadarai, ta kumbura har ta fashe. Sai ka ƙara: to me ya sa ƙwayar tsiro ba ta fashewa a irin wannan hali? Amsar tana ga ƙaƙƙarfan bangon da ke kewaye da ita. Tambayoyin "don me", da "me zai faru idan", da "mene ne bambancin wannan da wancan" su ne suke kama da abin da malami zai kawo, su ne kuma suke tona asirin wurin da fahimta ba ta zauna ba.

Sai maganar yaushe za a koma. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna, bayan ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana, cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, daga baya ta lafa. Saboda haka bitar farko kada ta yi nisa, na baya kuma su riƙa yin tazara. Jadawalin da ya yi mini aiki shi ne: washegari, sannan bayan kwana uku, bayan mako guda, sai bayan mako uku. Ba lallai ne a bi waɗannan lambobi sak ba. Ƙa'idar ita ce ka dawo wa abu lokacin da ya fara dusashewa, ta yadda sai ka ɗan yi fama kafin ka tuno shi. Faman nan ne yake kafa shi. Idan amsa tana zuwa nan take ba wahala, alamar ka dawo da wuri ce, sai ka ƙara tazara. Idan ba ta zuwa sam, alamar ka yi jinkiri ce, sai ka rage tazarar. Nakan rubuta ranakun bita huɗun a saman kowane shafi, in riƙa soke su ɗaya bayan ɗaya, don kada in dogara da tunawa.

Ga kwasa-kwasan da ke cike da sunaye da ƙa'idoji, irin su ilimin sassan jiki, ko harhaɗa magunguna, ko shari'a, ko koyon sabon harshe, ƙananan katuna sun fi shafi sauƙin juyawa. Tambaya a fuska ɗaya, amsa a baya. Sebastian Leitner, wani ɗan jarida Bajamushe, shi ya yaɗa tsarin akwatuna a farkon shekarun 1970. Akwati uku ma sun wadatar: na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya koma akwatin farko ko daga ina ya fito. Manhajar Anki irin wannan lissafin take yi maka a waya ko kwamfuta. Abubuwa uku ke lalata tsarin. Na ɗaya, cusa sakin layi guda a kati ɗaya, har ka rasa ko ka ci ko ka faɗi. Kati ɗaya, abu ɗaya. Na biyu, juya kati kafin ka furta amsa, ka gani ka ce "ai dama na sani". Ka faɗe ta da baki ko ka rubuta, sannan ka juya. Na uku, zuba sabbin katuna ɗari a rana guda cikin zumuɗi. Kowane sabon kati bashi ne da zai dawo sau da yawa, bayan mako biyu sai su taru su fi ƙarfinka ka watsar da komai. Sabbi 15 zuwa 20 a rana sun isa. Kuma katin da ka rubuta da kanka ya fi wanda ka kwafo daga wani, domin rubuta tambayar ma rabin karatun ne.

Lissafi, da fiziks, da akanta, da injiniyanci, nasu salon daban ne. Karanta misalin da aka warware ba ya koya wa hannu komai. Ka bi misalin sau ɗaya kana tambayar kanka dalilin kowane mataki, ka rufe shi, ka warware shi daga farko kai kaɗai. Idan ka maƙale, ka leƙa layi ɗaya tak, ka sake rufewa. Bayan haka ka gauraya tambayoyi. Littattafai sukan jera tambaya ashirin masu hanya ɗaya a ƙarshen babi, kai kuwa tun kafin ka karanta tambayar ka san dabarar da za ka ɗauko. A jarrabawa ba mai gaya maka daga wane babi tambaya ta fito, zaɓen hanyar shi ne babban aikin. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada haka a 2007 da lissafin girman siffofi: waɗanda suka yi atisaye iri-iri a jere sun fi cin tambayoyi lokacin atisayen, amma bayan mako guda kashi 20 cikin ɗari suka samu, masu gaurayawa kuwa 63. Don haka ka ɗebo tambaya uku daga babin wannan mako, biyu daga na makon jiya, biyu daga na watan da ya wuce, ka cuɗe su. Za ka ji kamar ka koma baya. Haka abin yake, kada ka fasa.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai an ware masa lokaci, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. A makon farko na zango nakan tattara tsarin kowane kwas in zuba ranakun gwaji da na miƙa jinga a kalanda guda, domin a nan ake hango makon da abubuwa uku za su haɗu. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce sa'a biyu ta karatun kai ga kowace sa'a ɗaya ta lacca. Ban ga dalilin raba ta daidai wa daida ba. Kwas mai yunit huɗu nauyinsa a matsakaicin makinka ninki biyu ne na mai yunit biyu, shi da kwas ɗin da ya fi ba ka wuya su ya kamata su ci sa'o'in da kanka ya fi wartsakewa. A jadawali kuma kada ka rubuta "karatun kimiyya". Ka rubuta "tambayoyin lacca ta biyar, da lissafi bakwai na babi na uku", aikin da za ka san ka gama shi ko ba ka gama ba. Idan fara aiki ne ke yi maka nauyi, tsarin Francesco Cirillo na minti 25 na aiki da biyar na hutu yana taimakawa, ko da yake ga lissafi mai tsawo na fi son minti 50 da hutun goma. Waya kuwa a wani ɗaki ko a cikin jaka, kifa ta a kan tebur bai isa ba.

Karatun rukuni yana da amfani idan mutum uku ne ko huɗu, kowa ya yi nasa karatun tukuna, ya zo da tambaya biyar da zai jefa wa sauran. Idan mutum ɗaya ne ke bayani saura suna gyaɗa kai, shi kaɗai ya yi karatu a ranar.

Saura mako uku jarrabawa, sai a koma kan tsofaffin tambayoyi, amma da agogo, littafi a rufe, a zaune wuri ɗaya kamar ranar ce. Karanta su da amsoshinsu a kwance wani maimaicin ne kawai. Ka lura da kalmar umarni: wanda aka ce ya kwatanta abu biyu ya bayyana kowanne shi kaɗai, ya zubar da maki ko da duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Ka koyi raba lokaci tun a gida. Takarda mai sa'a uku da maki 100, ka cire minti goma na karanta tambayoyi da goma na dubawa, saura 160, wato tambaya mai maki 25 minti 40 ne rabonta. Da sun cika ka bar fili ka wuce, domin makin farko na sabuwar tambaya ya fi sauƙin samu a kan makin ƙarshe na wadda kake ta gogewa. Daren jarrabawa kuma na barci ne. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana, baligi kuma yana buƙatar sa'a bakwai zuwa tara. Wanda ya kwana a zaune ya sami ƙarin shafuka, amma ya shiga ɗakin da kan da ba ya iya tuno su.

Akwai mataki guda da na ga kusan kowa yana tsallakewa: takardar gwajin da aka dawo da ita. Akan duba maki a ninke ta a ajiye. Ni nakan bi duk inda maki ya zube in sa masa ɗaya daga alamomi huɗu: ban san abin ba, na sani amma na kasa tunowa, ban fahimci tambayar ba, ko lokaci ne ya ƙure. Kowanne maganinsa daban. Na farko komawa littafi yake so, na biyu ƙarin bita mai tazara, na uku atisayen tsofaffin tambayoyi, na huɗu aiki da agogo. Wanda ka kasa gane dalilinsa, shi za ka ɗauka ka kai ofishin malami a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai. Kada ka je ka ce ba ka gane kwas ɗin ba, ba shi da inda zai kama. Ka buɗe takardar ka ce, "Malam, na bi har wannan layin, daga nan ne ban ga yadda aka kai ga na gaba ba." Irin wannan tambayar cikin minti biyar ake warware ta, sau da yawa kuma sai ka tarar gibin daga wani darasi ne na makonnin baya, sai ka rubuta masa tambayarsa ka mayar da shi akwatin farko.