Batirin fawa bank ya kusa cinye min DECtalk ɗina

Duk makahon da yake da tsohuwar na'urar magana irin DECtalk Express, wadda ke karanta rubutun kwamfuta da murya, ina roƙonsa don Allah kar ya bari mai gyaran waya ya sa mata batirin litiyom, ko da kuwa ya rantse masa cewa duk batir batir ne. Ni an yi min, kuma saura ƙiris na rasa na'urar gaba ɗaya, wataƙila ma har da katifata.

Tawa ta hannu ce, wani ɗan uwa ya samo min daga Amurka. Kamfanin Digital ne ya fitar da ita a 1994, akwati ne ɗan ƙarami da zai shiga jakar hannu, da sifika a ciki, da ramin iyafis, da abin ƙara murya, sai wajen jona kebul ɗin siriyal irin na kwamfutocin da, wanda yanzu sai ka sayi ɗan kebul mai mayar da shi USB tukuna. Mutane suna tambayata me zan yi da tsohon abu alhali waya ma tana magana, to ai ita wannan a cikinta ake haɗa muryar, ba ruwanta da sautin kwamfuta, ko sautin laftof ɗina ya ɗauke ita tana nan tana karanta min da Speakup, manhajar karanta allo ta makafi, a tsarin kwamfuta na Linux, kuma kana danna harafi take faɗa ba jira. Muryoyi 9 ne da ita, ni Perfect Paul nake sawa, wadda aka gina a kan aikin Dennis Klatt na jami'ar MIT ta Amurka, 'yar uwar muryar da aka san masanin kimiyya Stephen Hawking da ita. Hausa dai ba ta iya ba, ƙ da ɗ duk kwaɓa su take, amma kunne ya saba.

Adaftar da ta zo da ita ta wutar Amurka ce, bolt 120, mu kuma 230 muke, wannan kam na sani tun farko na nemi sitef-dawun. Matsalar batirin ciki ce, ya mutu murus, kana zare waya take shiru. Ba laifinsa ba ne, batirin nikel da ya yi shekaru a ajiye dole ya mutu.

Sai ƙanena ya kai ta kasuwar 'yan waya. Yaron da ya karɓa ya buɗe ya ce ai wannan batirin tun zamanin kaka ne, ya ciro na litiyom guda biyu daga cikin fawa bank, irin dogayen nan 18650, ya yi musu soda ya manna da tef ya rufe. Ba ɗan allon kariya ba komai. Ya karɓi kuɗinsa ya ce ku je Alhaji zai yi sati bai yi caji ba. Kuma gaskiya da ta dawo ta riƙe caji sosai, abin da ya ruɗe mu ke nan, har addu'a na sa masa.

Wani dare NEPA suka kawo wuta na jona ta na ajiye a gefen filo kamar kullum. Wari ne ya tashe ni, wani irin wari mai zaƙi-zaƙi kamar na abin goge jan farce. Na kai hannu na ji zafi rau, murfin baya ya ɗago ya kumbura, robar ta yi laushi a ƙarƙashin yatsana. Na fizge wayar na ɗauke ta da tawul na kai tsakar gida na ajiye a kan siminti, jikina na rawa. Mai ido zai ga kumburin tun da wuri, ni sai da hanci ya gaya min, kuma yaron nan ya san ta makaho ce, ƙanena ya faɗa masa.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya cece ta. Da ya buɗe sai da ya yi salati, ya ce min ɗana, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki? Na ce Baba wallahi ni dai an ce min an gyara. Shi ya zaunar da ni ya yi min bayani: ƙwayar nikel bolt 1.2 ce, ta litiyom 3.7, in ta cika 4.2 kuma daga nan ko kaɗan ba ta son ƙari. Cajar da aka yi wa nikel kuwa ba ta san wannan iyakar ba, ɗura wuta take a hankali a hankali ko da batir ya cika, nikel yana iya jurewa ya ɗan yi ɗumi, litiyom kuma kumbura yake ko ya kama da wuta. Wato duk daren da na jona ta tun da ta dawo daga kasuwar nan, dab da kaina abin yake cika yana wucewa.

Baba ya ƙirga ƙwayoyin tsohon batirin, Allah ya sa ƙanena bai yar ba, ya haɗa min sababbi na NiMH, wani nau'in batirin nikel, adadinsu ɗaya. Ya tarar tsohon ma ya yi yoyo, farin gari ya ci ƙarafan da yake taɓawa, yaron ko gogewa bai yi ba ya ɗora nasa a kai. Da auduga da ɗan ruwan lemun tsami ya goge, ya bari ya bushe sarai. Wani ɗan abu ya ƙone a kan allon sai da aka yi ta nema a cikin matattun rediyoyi, murfin kuma har yau da gam yake. Kuɗin da na kashe ya ninka na gyaran farko, ga kwanakin da na yi babu ita.

Yanzu dai ba na barin ta a jone kwana da kwanaki, ta cika in zare, don NiMH bai kai tsohon nikel-kadmiyom jure dogon caji ba. Ba na cajinta a kan katifa ko cikin jaka, kan tebur ko siminti, kuma nakan taɓa bayanta in ji, ɗumi kaɗan ba komai, zafi kuwa a zare. Lokacin bazara na fi kiyayewa, zafin Afrilu yana zuƙe batirin nikel ko ba a kunna ba, kar a bar ta a mota ko bakin taga. In zan yi tafiya in bar ta, sai na sa wani ya riƙa yi mata caji duk bayan 'yan makonni, don barinsa ya mutu ƙurmus na tsawon watanni shi ke jawo yoyon. Wutar janareta mai hawa da sauka ma na daina ba ta. Tsohon batirin kuma kar a jefa shi a bola inda ake ƙona shara, kadmiyom guba ne.

In dole sai an canza maka batir, ka je da kanka, ka riƙe tsohon a hannunka, ka sa a karanta maka abin da ke rubuce a jikin tsohon da sabon. In ka ji an ce 3.7 ko an ambaci fawa bank, ɗauki kayarka ka bar shagon.