Daga gidan giya zuwa kiwon tarwaɗa: yadda na sauya sana'a ina da shekara 48

Ni ɗan masaƙa ne tun asali. A Kakuri na fara aiki ina saurayi, zamanin da ma'aikata ke tururuwa a kan kekuna tun duku-duku. Da masaƙun Kaduna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, sai ga ni a gida da mata da 'ya'ya biyu da ɗan abin da ya rage a hannu. A lokacin jama'a sun yi ta ƙaura zuwa kudancin kogi bayan rikicin 2000, Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi suka cika maƙil. Na kama shago a Sabon Tasha, na sayi firiza ɗaya da kujerun roba, na fara sayar da giya da farfesun kifi.

Sana'ar ta karɓe ni, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Da ita na sayi fili na yi gini, da ita yarana suka yi makaranta, da ita na yi jinyar mahaifiyata har Ubangiji ya ɗauke ta. Na sha jin masu ba da shaida a majami'a suna cewa tsohuwar sana'arsu asara ce zalla. Tawa ba haka take ba. Da asara nake yi, da barinta bai zama abin addu'a da azumi ba.

A ikilisiyarmu ta ECWA kowa ya san matsayinmu game da giya. Ina zuwa sujada kowace Lahadi, ina ba da baiko, in zauna can baya, in an zo Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da Yesu, in sunkuyar da kai. Hujjata a kullum ita ce ni ba na sha, kuma ban taɓa jawo kowa da igiya ba. Abin da ya rushe wannan hujja ba wa'azi ba ne, littafin bashi ne. Duk mai gidan giya yana da shi. Mutum zai sha wata guda a rubuce, ranar albashi ya zo ya biya kafin ya isa gida. Ni na san albashin mutanen nan, na san matansu, wasu ma layinmu ɗaya a majami'a. Wata rana matar ɗaya daga cikinsu ta zo da rana tsaka, ba faɗa ba zagi, ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah in ya zo ƙarshen wata ka bar masa ko rabi, an koro yara daga makaranta." Na ba ta abin da na ba ta, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

A ƙarshen Maris 2020 aka rufe Kaduna saboda korona. Shago a kulle, majami'a a kulle, ni da iyalina muna sujada a falo. Tun da na buɗe shagon ban taɓa cin abincin dare da yarana a jere kamar wannan lokacin ba. A nan na karanta Romawa sura 14 a natse, inda Bulus ke cewa gara mutum ya bar abin da zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ko da shi kansa yana ganin yana da 'yanci. Ban ji murya daga sama ba, ban yi mafarki ba. Kawai dai na wayi gari na san ba zan iya sake buɗe littafin nan da kwanciyar rai ba.

Matata na fara faɗa wa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Maigida, shekara da shekaru nake wannan addu'a, har 'yan Zumuntar Mata sun taya ni. Amma ka faɗa mini da me za mu biya kuɗin makaranta in an koma." Da na je wurin fastonmu, na ɗauka zai ce in rufe gobe da safe, Allah zai tanada. Sai ya buɗe Luka 14, wurin da Yesu ya yi maganar mai son gina hasumiya, wanda zai fara zama ya lissafa kuɗin tukuna. Ya ƙara da 1 Timoti 5:8 a kan kula da iyali. Ya ce, "Ɗana, wanda ya nuna maka ka fita shi ne kuma ya ba ka iyali. Ka sa rana, ka yi lissafi, ka fita da tsari. Amma ka sa ranar, kada lissafi ya zama mafaka." Na ce, "Baba Fasto, ni ban iya komai ba sai injin saƙa da wannan." Ya tambaye ni wa ke kawo mini kifin da nake farfesu da shi.

Wannan tambayar ce ta buɗe hanya. Shekaru ina sayen tarwaɗa, na san mai kyau da hannu, na san farashi a damina da rani, na san masu sari. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake rainonta. Akwai wani dattijon ikilisiya mai kiwon kifi a wajen Gonin Gora, na je na roƙe shi ya koya mini. Da furfurata na zama yaronsa, ina wanke tanki, ina jan raga, yara sa'o'in 'ya'yana suna nuna mini yadda ake watsa abinci. Duk mai son sauya sana'a a tsakiyar rayuwa ya shirya wa wannan, domin girman da ka tara a tsohuwar kasuwa ba ya bin ka zuwa sabuwa.

Kiwon tarwaɗa ba zuba kifi a ruwa ba ne a koma gefe. Dattijon ya hana ni fara da 'yan mitsi-mitsin da aka ƙyanƙyashe kwanan nan, ya ce in sayi waɗanda suka ɗan tasa, sun fi tsada amma sun fi jure wahala. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, don haka a watannin farko dole a riƙa ware manya daga ƙanana kusan duk mako biyu, in ba haka ba ka zuba dubu ka kwashe abin da bai kai ba, ba tare da ka ga gawa ko ɗaya ba. Abinci kuma ana bin girman bakinsu, daga ƙananan ƙwayoyi na milimita 2 zuwa 4 zuwa 6, kuma shi ke cinye mafi yawan jari, fiye da rabi nesa ba kusa ba. In ka zuba ya wuce kima, ragowar ta ruɓe ta ɓata ruwa. Hancinka ne zai fara gaya maka, sannan ka ga kifin sun taso sama sun tsaya a tsaye. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse ko wani ruwa tabbatacce kada ma ya fara. Da hunturu kuma ruwa kan yi sanyi, su rage ci, girma ya ja baya. Kafin kifi ya kai kilo ɗaya a lissafa wata biyar zuwa shida, kuma duk tsawon wannan lokaci kashewa kake yi, ko sisi ba ya shigowa. Mutumin da ya saba ƙirga ciniki kowane dare, wannan jiran ya fi komai yi masa wuya.

Na fara da tankunan tamfol biyu a bayan gida. Ranar da na sa wa shago ita ce ƙarshen shekarar, kuma da ta zo na rufe, ana tsakiyar cinikin Kirsimeti da sabuwar shekara. Mutum biyu sun zo suna son sayen wurin yadda yake, da suna da kwastomomi, kuɗi mai kyau. Na ƙi. Ban ga yadda zan ce na fita ba alhali na miƙa wa wani mabuɗi da littafi ya ci gaba da mutanen nan. Na mayar da kwalabe da akwatuna, na sayar da kujeru, na riƙe firiza, mai shagon ya ba wani tela haya. Yaran da ke mini aiki su ne suka fi damuna, domin tubana bai kamata ya zama yunwarsu ba. Ɗaya ya biyo ni wurin kifi, mai dafa farfesu na bar mata tukwane ta fara sayar da abinci, ɗayar kuma na biya mata kuɗin koyon ɗinki. Bashin da ke cikin littafi na yafe shi duka, na bi su ɗaya-ɗaya na faɗa musu.

Sai kifin farko ya isa sayarwa, na ci karo da abin da ban hango ba: manyan masu sayen tarwaɗa mai kilo ɗaya zuwa sama gidajen giya ne, tsofaffin abokan sana'ata. Su ke biya da wuri, su ke ɗauka da yawa. Na kai maganar gaban dattawa, ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce kifi abinci ne, ba ruwanka da inda aka ci shi, kuma ban ce sun yi kuskure ba. Amma ni na san aikin da farfesu mai yaji ke yi a teburin mashaya, don da shi na riƙa sa kwalba biyu ta zama biyar. Wani zai iya sayar musu da zuciya ɗaya, ni ba zan iya ba. Shi ya sa muka koma banda. Kifin banda ba ya bukatar ya yi girma sosai, wata uku zuwa huɗu ya isa, jari ya fi saurin juyawa, kuma ba ka cikin tsoron masu sari da ke zuwa da sikelinsu su karya farashi don sun san ba ka da inda za ka kai ɗanyen kifi. Nauyi yana raguwa sosai a wuta, kilo uku zuwa huɗu na ɗanye ke ba da kilo ɗaya, amma in ya bushe da kyau yana ajiyuwa. Matata ce ta riƙe wannan ɓangaren, ita ke kai wa mata a Kasuwar Litinin ta Kakuri da masu gidajen abinci.

Shekarar 2023 ta gwada mu. Ƙarancin takardun naira a farkon shekara ya tsayar da ciniki, aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin tayar da janareto don jan ruwa ya ninka, buhun abincin kifi ya yi ta hawa. Na rage yawan kifi, mun sayar da mota, ɗana na biyu ya koma makarantar da ta fi sauƙi. A cikin wannan hali wasu 'yan'uwa suka riƙa ce mini tun da na yi biyayya, riba ninki ɗari na nan tafe. Na gode da ƙaunarsu, amma ban ga inda Ubangiji ya yi mini wannan alkawari a kan tarwaɗa ba, kuma ina ganin irin wannan magana tana karya mutane. Wanda ya bar sana'a don yana jiran ninki, in wata shida ta wuce bai gani ba, zai koma, kuma zai koma da fushi da Allah. Ni na bari ne don abin da nake yi yana cutar da gidajen mutanen da na sani, kuma wannan dalilin bai canja ba ko da buhun abinci ya kai nawa.

Har yau abin da nake samu bai kai na gidan giya ba. Tankunan sun zama shida, mun sa sola a kan famfon ruwa, muna cin abinci, muna biyan makaranta ko da a makare. Ina cin Jibin Ubangiji tare da 'yan'uwa. Mutum biyu masu irin tsohuwar sana'ata sun zo neman shawara a ɓoye, na ce su fara da matansu, su rubuta abin da gida ke ci a wata, su tanadi na wata shida, su nemi wanda za su yi wa yaro su koya, sannan su sa rana su faɗa wa fasto don a sami mai tambayarsu. Ɗaya ya riga ya rufe, yana kiwon kaji a Maraban Rido. Ɗayan yana lissafi tukuna, muna addu'a tare duk ranar Laraba.