Wankin alminiyam na injin mota

Wallahi abin yana damuna, in ga yaran gareji a Kaduna sun tsoma murfin inji ko kafireto cikin ruwan sodar sabulu wai su cire baƙin mai. Soda cin alminiyam take, sai ka ga ya yi baƙi ya dushe. Ni dai kananzir nake sawa da tsohon buroshin haƙori in bi lungu-lungu, in ɗauraye da Omo, sannan samfefa da ruwa, daga mai kaushi lamba 400 har mai laushi lamba 2000 a hankali, kar dai ka taɓa inda gasket yake zama, wato shimfiɗar nan da ake sawa a mahaɗar sassan inji don hana yoyo. Buroshin waya kuma bari shi, ɓurɓushin ƙarfensa maƙalewa yake daga baya ya fito da tsatsa. Man goge ƙarfen da nake ƙarasa aikin da shi kuma a kasuwar Panteka ta Kaduna nake saya.