Talata: Doxygen da clangd a kan tsohon kod na C

Aikin yau wani tsohon laburaren C ne da sharhinsa ke warwatse. Abu biyu ake so: Doxygen ya fitar da shafukan bayani daga sharhin, edita kuma ta nuna bayanin nan take idan an ɗora linzami a kan sunan fankshin.

Da safe na fara da `doxygen -g`. Doxyfile ɗin da ya fito, wato fayil ɗin saitin Doxygen, dogo ne ƙwarai, amma layukan da na taɓa kaɗan ne: `INPUT` ya nuna foldar include da src, sai `RECURSIVE`, `OPTIMIZE_OUTPUT_FOR_C` da `QUIET`, duk na mayar da su `YES`. `GENERATE_LATEX`, mai fitar da fayilolin LaTeX da ake mayarwa PDF, a kunne yake zuwa, na kashe shi. Ba mai neman PDF, kuma pdflatex, manhajar da ke haɗa PDF ɗin, kan tsaya cak idan ya ci karo da ƙ ko ɗ a cikin sharhi, alhali HTML da UTF-8 ba ruwansu.

Zagayen farko shafukan sun fito kusan wayam. Dalili na farko sananne ne: Doxygen ba ya kallon sharhin da aka buɗe da `/*` zalla, sai irin su `/**` ko `///`. Na biyun ne ke cin lokacin mutane. A C, fankshin ba ya cikin aji, don haka idan fayil ɗin kansa ba shi da sharhi mai `@file` a samansa, duk bayanin da aka rubuta wa fankshin ɗin cikinsa ba zai bayyana ba. Da yawa a nan suke kunna `EXTRACT_ALL`, mai fitar da komai ko ba shi da sharhi, su huta. Shafuka za su cika kam, sai dai yana kashe gargaɗin abubuwan da ba a yi wa bayani ba, wato an share ɗaki an tura sharar ƙarƙashin tabarma. Na bar shi a `NO`, na bi fayilolin .h ɗaya bayan ɗaya ina sa `@file`.

Sai ƙananan tarkuna. A cikin struct, sharhin da ke bayan mamba a layi ɗaya dole ya fara da irin `///<`. In an manta `<`, bayanin zai maƙale wa mamban da ke ƙasa, shafin kuma ya yi ƙarya ba tare da ko gargaɗi ba. Makro irin `API_EXPORT` da ke gaban sunayen fankshin yana ɓata yadda suke fitowa. Maganinsa `MACRO_EXPANSION` da `EXPAND_ONLY_PREDEF` su zama `YES`, sannan `PREDEFINED = API_EXPORT=`. A wannan layin ne kuma ake ƙara `__linux__`, in ba haka ba duk abin da ke cikin `#ifdef __linux__` tsallake shi za a yi.

Bayan azahar na koma kan edita, wadda a ganina ita ce mai muhimmanci, domin shafin HTML sai an tuna ake buɗe shi, akwatin da ke fitowa ƙarƙashin linzami kuwa kullum ana ganinsa. clangd, manhajar da ke karanta kod ta ba edita wannan bayanin, yana magana da editar VS Code ta LSP, ƙa'idar da Microsoft ta fitar a 2016, amma ba ya gane kod ɗin sosai sai an gaya masa yadda ake kamfail ɗin kowane fayil, kamar ta compile_commands.json. Da CMake, `-DCMAKE_EXPORT_COMPILE_COMMANDS=ON` ya wadatar, kuma clangd da kansa yake leƙa foldar build. Mai Makefile zalla sai ya bi ta Bear, manhajar da ke samar da wannan fayil ɗin. Akwatin ya riƙa fitowa biyu-biyu saboda IntelliSense na C/C++, mai yin irin aikin clangd a VS Code, shi ma yana aiki. Sai da na sa `C_Cpp.intelliSenseEngine` a `disabled`.

Nan kuma wata matsala ta fito fili. Wasu sharhin a .c aka rubuta su. Doxygen yana haɗa .h da .c, shi ya sa shafinsa ya yi daidai, amma mai kiran fankshin daga wani fayil, .h kawai kamfailarsa ke karantawa. Na kwashe su duka zuwa .h, wuri ɗaya.

Abin da ya fi biyan wahala layi biyu ne a fayil ɗin .clangd: `CompileFlags`, a ƙarƙashinsa `Add: [-Wdocumentation]`. Daga nan, idan an sauya sunan faramita daga `len` zuwa `size` aka bar `@param len`, edita na ja masa layi tun ana bugawa. Haka ma `@return` a kan fankshin mai `void`. Doxygen ma yana kama saɓanin `@param`, amma sai an tashe shi, wanda sau da yawa sai bayan makonni.

Kafin magariba na kunna `WARN_NO_PARAMDOC` a Doxyfile, mai gargaɗi kan faramitar da ba a yi wa bayani ba, gargaɗi ya cika allo. `WARN_AS_ERROR`, mai ɗaukar gargaɗi a matsayin kuskure, sai gobe, kuma `FAIL_ON_WARNINGS` zan sa masa, don `YES` a gargaɗin farko yake tsayawa, ni kuwa jerin duka nake so.