Fumfuna ta koya min hankali a daminar nan

Jama'a wallahi sati uku autana yana tari da daddare, mu muna ta cewa mura ce saboda ruwan Agusta, ashe abin yana bayan wadirob ɗinmu. Ranar da Maman yara ta ce ɗakin yana wani warin danshi muka ja wadirob ɗin gefe, innalillahi, bango baƙi ƙirin da fumfuna tun daga ƙasa har silin, takalmana na fata duk sun yi gashi.

Ni da wayona na sayo fenti na shafe. Kwana 10 ba a yi ba ta sake ɓullowa kamar tana min dariya. Sai da mai gyara ya hau sama ya ga kwano ne ke yoyo ruwa na bin bango a hankali, ya ce in dai danshi na nan ko fenti bokiti nawa zan shafa a banza ne. Mai gida kuwa na kira shi ya fi sau biyar, kullum "zan turo yaro", ƙarshe aljihuna ne ya ji jiki.

Bayan an toshe yoyon muka cire silin ɗin da ya jiƙe muka yar, bangon kuma na goge da bilic kofi 1 a galan 1 na ruwa, da safar hannu da takunkumi, taga a buɗe, yara na gidan Hajiya. Don Allah kar wanda ya haɗa bilic da maganin wanke banɗaki, iskar da ke tashi guba ce. Wadirob dai yanzu na bar masa tazara da bango, katifar ma kullum tana rana, tarin yaron ya lafa Alhamdulillah.