Sojojin Rabeh na laka a tsakar gidanmu

Wata uku ke nan ina fama da laka da tsinken ashana, har uwargida ta fara tambaya wai ko yarinta ce ta dawo min. Wani bidiyo ne ya ja min, turawa da furfurarsu sun jera 'yan sojojin roba a tebur suna sake buga yaƙin kakanninsu da ɗan ludo. Na ce kai, mu nan Kuseri ta arewacin Kamaru ai a ƙofar gida aka yi mana namu, 22 ga Afrilu 1900, ranar da aka kashe Rabeh, mayaƙin nan da ya ci Borno, shi ma Lamy kwamandan Faransawa bai kwana ba, shi ne aka sa wa garin tsallaken ruwa sunansa kafin ya koma Injamena a 1973.

Dawaki ne suka fara cin lokacina. Hankalina ya tafi kan hawan sallar lamido, na zauna na murza dawaki wajen 40 har da lifidi, ashe ƙarfin Rabeh ba a doki yake ba a bindiga yake. Mutumin daga Sudan ya taso, yaron Zubairu ne, babban mai fataucin bayi na can, kuma tsarin can ya zo da shi: runduna kashi-kashi, kowane kashi da tutarsa da shugabansa, 'yan bindiga a ƙasa, da yawansu bayi ne da aka kamo aka horar, bazingir ake ce musu, masu mashi da na doki kuma suna biye. Da haka ya ci Borno a 1893 ya ƙone Kukawa ya zauna Dikwa. Haka na jiƙa rabin dawakin nan suka koma laka, raina bai so ba wallahi.

Tutoci da ƙyallen da tela ya zubar na yi su, rigunan kuma na ɗiɗɗiga musu fenti kamar faci tunda kayan mabiya Mahadin Sudan suke sawa. Igwa kuwa, wadda Rabeh ya ƙwace hannun Faransawa a yaƙin Togbao a 1899, gorar biro na yanke na ɗora kan murfin kwalba.

Lissafi ne ya ban wahala. Faransawa da mutanen masarautar Bagarmi ta Chadi da suka mara musu wajen 1300 ne, Rabeh kuma an rubuta wajen 10,000, sai na ce kowane ɗan laka ɗaya mutum 100 ne, 13 ke nan a gaban 100. Faransawan da ke cikin 13 ɗin na raba su uku saboda ta hanya uku suka zo, daga Aljeriya, daga yamma, daga Kongo. Muka buga da ɗan yayana, sau uku Rabeh na share su kafin shayi ya huce. Nan na gane yawa kawai nake ƙirgawa. Na sa doka: bindigar Faransawa na kaiwa kamu biyu, ta Rabeh kamu ɗaya, sannan duk tutar da shugabanta ya faɗi sai an jefa ɗan ludo, in bai kai huɗu ba ta watse gaba ɗaya, in Rabeh ne ya faɗi an tashi wasa. Tun daga nan wasan ya fara kama da yaƙi.

Shekaranjiya wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo, ya tsaya ya ƙura wa tutocin ido. "Kai ɗan nan, duk duniya ka rasa wa za ka gina sai Rabeh?" Kakarsa ta sha ba shi labarin yadda suka kwana a daji don gudun mutanen nan. Na ce Kawu a yi haƙuri, ba yabonsa nake ba. Bai ce komai ba, ya durƙusa ya gyara min igiyar da na shimfiɗa a matsayin kogin Logon, wai ba haka ya haɗu da kogin Shari ba, sannan ya ja kujera ya ce shi a ba shi mutanen Bagarmi. Shida ne kacal, biyu ma ba su bushe ba.